Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, kada mu bari su ɓace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ce ana fama da tsadar masara da rashin tsaro wa yake ta maganar suna, to ni dai a wurina ba ƙaramin abu bane. Maganar sunan Abubakar ce, da yadda yaranmu na yanzu suke neman mantawa cewa Garba da Habu da Buba da Bukar duk suna ɗaya ne, har ta kai wasu samari suna jin kunyar a kira su Garba a gaban abokansu wai sunan ƙauye ne, sunan tsofaffi masu tallan goro, alhali da wannan sunan aka kira sarakuna da malamai da shugabanni a ƙasar nan.

Bari in fara daga tushe. Mutane da yawa ba su san cewa Abubakar ba shine sunan yankan Sayyidina Abubakar ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Sunansa Abdullahi, mahaifinsa Usman wanda aka fi sani da Abu Kuhafa, daga gidan Banu Taim na Ƙuraishawa. Abubakar ɗin alkunya ce irin ta Larabawa, Abu shine uba ko mai abu, Bakar kuma saurayin raƙumi ne mai tashen ƙarfi, kuma a cikin 'ya'yansa babu wani mai suna Bakar, akwai Abdurrahman da Abdullahi da Muhammadu, mata kuma Asma'u da Nana A'isha da Ummu Kulsum. Kaga kenan ma'anar sunan a fatar baki ba wata mai tsawo bace. To amma wane uba ne a Kano ko Damagaram yake tuna raƙumi lokacin da yake raɗa wa ɗansa Abubakar a kunne? Abin da yake ransa shine mutumin da ya gaskata Annabi (SAW) ranar da Ƙuraishawa suka zo suna dariyar labarin Isra'i, yace in dai shi ya faɗa to gaskiya ne, daga nan aka kira shi Siddiƙu. Shine abokin tafiyar hijira, su biyu a kogon Sauru, har Alƙur'ani ya ambaci lamarin a Suratu Tauba aya ta 40. Shi ya sayi Bilal ya 'yanta shi lokacin da ake gana masa azaba a rana, shi ya kawo dukiyarsa kaf lokacin yaƙin Tabuka, shi ya riƙe al'umma daga 632 zuwa 634 lokacin da ƙabilu suka ce sun daina ba da zakka, kuma a zamaninsa ne bayan yaƙin Yamama da mahaddata da yawa suka yi shahada aka sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani wuri guda. Shekara biyu da 'yan watanni kawai ya yi a kan mulki. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinsa shine huɗubarsa ta ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya gaya wa jama'a cewa an ɗora shi a kansu ba don ya fi su ba, in ya yi daidai su taimake shi in ya karkace su miƙar da shi. Wallahi duk wanda ke riƙe da kujera yau kuma sunansa Abubakar ya kamata ya san maganar nan kamar yadda ya san Fatiha.

Wani laƙabinsa kuma shine Atiƙu, wato 'yantacce, wanda mu muke cewa Atiku. Shi ya sa in ka duba sunan tsohon mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar, wanda ya yi daga 1999 zuwa 2007, sai kaga gaba da baya sahabi ɗaya ne ake ambata. Haka Sadiƙu da Siddi, duk shi ne.

To da sunan ya shigo ƙasar Hausa sai iyayenmu suka yi masa irin abin da suka yi wa sauran sunaye, suka lanƙwasa shi ya dace da bakinsu, kuma ba don raini suka yi ba. Umaru ya zama Sanda, Usman ya zama Shehu ko Mani, Aliyu ya zama Gadanga ko Haidara, Yusufu Maitama, Ibrahim Iro, Abdullahi Audu, a mata Hauwa ta zama Kulu, A'isha Indo, Hadiza Dije, Fatima Binta. Abubakar kuma ya samu kaso mafi yawa, Garba, Habu, Abu, Bubakar, Fulani su ce Buba ko Bakari, Barebari su ce Bukar, Yarbawa su ce Bakare, 'yan uwanmu na Nijar kuma a takarda sai kaga an rubuta Boubacar ko Aboubacar saboda rubutun Faransanci amma a gida Garba ne ko Bube. Af, sai dai a kula, in ka ji an kira mace Abu to Zainabu ake nufi, wannan daban ne, muryar faɗarsa ma ba ɗaya bace.

Kuma akwai dalili babba a bayan wannan, wato kunya. Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san yadda abin yake. Ranar bakwai da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya tambayi uban jariri a hankali, sannan maroƙi ya ɗaga murya yace an samu Abubakar, Allah Ya raya, a shafa Fatiha, mahauci ya kwantar da rago, wanzami yana gefe yana wasa aska. To a cikin gida fa? Mai jego ba za ta taɓa buɗe baki ta ce Abubakar ba in sunan surukinta ne ko na mahaifinta, haka kishiyoyi da sauran matan gidan, sai kaji tun kafin azahar an riga an samo masa wani, wannan ta ce Baba, waccan ta ce Abba, kakarsa ta ce a'a mai gidana ne, gwaggo ta ce Garbati. Sunan da zai bi shi har furfura a wannan yinin ake yanke shi, a tsakar gida tsakanin tukwane, ba a ƙofar gida ba. Ita wannan kunyar tarbiyya ce, ita ce ta hana yaro kiran sunan babba gatsal, kuma sunayen nan su ne alamarta da ta rage mana.

Yanzu bari in zo kan abin da nake so matasa su ji da kunnen basira. Babban birnin Najeriya sunan wani Abubakar yake ɗauke da shi. Lokacin jihadi da aka kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gwari da Koro, bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abubakar ya gaje shi, mutum ne fari shi ya sa ake ce masa Abu Ja, shi ya kafa gari a 1828 aka riƙa kiran garin da sunansa, Abuja. Da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma aka mai da shi Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, har aka tare a sabon birnin a Disambar 1991. Wato duk jakadan da ya sauka ƙasar nan, duk jirgin da aka rubuta masa Abuja a allon filin jirgin Landan ko Jidda, Abu ɗin nan da yaro yake gudu shi ake faɗa. Ba Abubakar cikakke aka sa wa garin ba, na gida aka sa, wanda mata suke kira a tsakar gida. Na sha tambayar ɗaliban sakandare a unguwarmu ko sun san wannan, sai su yi ta kallona, kuma wasunsu sunansu kenan.

A Sakkwato ma haka. Bayan Muhammadu Bello ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya zama Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842, sannan Sarkin Musulmi Abubakar na uku wanda iyayenmu ba sa ambatonsa sai da addu'a ya yi shekara 50 cur a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, ya ga Turawa ya ga tafiyarsu ya ga sojoji ya ga farar hula, kuma 'ya'yansa biyu sun hau bayansa, marigayi Maccido da Sa'ad Abubakar da yake kai tun 2006. A Gombe wanda ya karɓo tuta a hannun Shehu Usman Ɗanfodiyo ya kafa masarautar ai Buba Yero ake ce masa har gobe, ba wanda ya ga ya rage masa daraja don ba a ce Abubakar ba. A Borno Shehu Abubakar Garbai ne ya koma da fada Yerwa, wato Maiduguri, a farkon zamanin Turawa, kuma Shehun yanzu ma Abubakar ne.

Amma ni inda zuciyata ta fi karkata shine kan mutum biyu, kuma ɗayansu ya shafe ka kai tsaye Malam Edita, domin kujerar da kake kai ta editan jaridar Hausa wani Abubakar ne ya fara ɗumama ta. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, shine editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939. Kafin nan a 1933 an yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East, cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar biyu na masu suna Abubakar ne, Imam da Ruwan Bagaja, sai wani malamin makaranta daga Bauchi da Shaihu Umar, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku, wanda duk wanda ya yi firamare a Arewa a zamaninmu ya san shi, muna zaune a ƙasa malam yana karantawa ba mai ko tari. Hausar da muke rubutawa yau a boko, yadda ake jera magana a takarda ta fito kamar ana hira, hannun mutumin nan yana ciki dumu-dumu, kuma ya yi amfani da jaridar wajen gaya wa Turawa da 'yan gargajiya gaskiya cikin hikima, a lokacin da faɗar gaskiya ba wasa bace. Ya rasu a 1981.

Shi kuwa Tafawa Ɓalewa, an haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina kamar Imam, ya koyar a Midil ta Bauchi, ba ɗan sarki bane ba ɗan attajiri ba. A 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, maganar da ba kowa ke iya furta ta a gaban sarakuna ba a wancan lokacin. Ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi 'yancin kai a 1960, kwana kaɗan bayan haka ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi jawabi ranar da Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, a 1961 ya je Amurka Kennedy ya tarbe shi, Turawa da kansu suna mamakin muryarsa da yadda yake sarrafa harshensu. Aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Kabarinsa yana Bauchi kowa zai iya zuwa ya gani, kuma abin da kowa ya shaida a kansa, masoyi da maƙiyi, shine bai tara abin duniya ba. Hotonsa ne a jikin naira biyar, wadda yanzu ko alewa ba ta saye, har yara sun daina ganin fuskarsa balle su tambayi ko wane ne, wannan ma wani abin baƙin cikin ne.

Sauran ba sai na tsawaita ba. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa ya samu kyautar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Abubakar Rimi ya yi gwamnan tsohuwar Kano a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP, suka soke haraji da jangali, ya buɗe makarantun yaƙi da jahilci, gidan talabijin na jihar yau sunansa yake ɗauke da shi. Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga farar hula a 29 ga Mayun 1999. Kuma sunan ya tsallake har ya shiga gidajen da ba na Musulmi ba saboda zaman tare, Janar Joseph Garba mutumin Langtang ya yi ministan harkokin waje har ya shugabanci babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, duniya ta san shi da Garba. Masu kallon ƙwallo su tuna Garba Lawal na cikin 'yan wasan da suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, a Kamaru kuma Vincent Aboubakar da ya taso a Coton Sport ta Garwa shi ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Afirka a 2017.

Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suka ɗauki sunan suka shafa masa baƙin jini. Shekara da shekaru in an buɗe rediyo aka ce Abubakar sai gaban mutum ya faɗi don an san Shekau za a ce, ga kuma na Iraƙi, al-Baghdadi shugaban ƙungiyar ISIS, da ya ara sunan ya kira kansa halifa alhali sunansa na gaskiya Ibrahim. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai, Sayyidina Abubakar da ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su kashe mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya, a ce da sunansa aka ƙona kasuwanni da makarantu. Amma wannan dalili ne na mu ƙara riƙe sunan mu koya wa yara asalin mai shi, su biyun nan sun tafi, masu sunan na kirki kuwa suna nan a kowane layi, mai shayi da direba da likita da malamin allo.

Akwai kuma wani ɓangare da rashin sanin nan yake cutar da talaka kai tsaye. Wani baffana tsohon ma'aikaci ne, takardarsa ta ɗaukar aiki tun zamanin da an rubuta Garba don haka hedimasta ya rubuta a rajista ranar da aka kai shi makaranta, katin ɗan ƙasa kuma da na banki duk Abubakar ne don shi ya faɗa da bakinsa da aka tambaye shi sunan yanka. Da aka zo tantance 'yan fansho wani yaro a bayan kwamfuta, Bahaushe ɗan'uwanmu ba baƙo ba, ya duba takardun yace Baba ai waɗannan mutum biyu ne. Tsohon nan yana riƙe da fayil ɗinsa a leda, hannunsa yana rawa, yana cewa ɗana ai Garba shine Abubakar, yaron yace shi dai abin da kwamfuta ta nuna masa ya sani. Sai da aka je kotu aka yi takardar rantsuwa, aka buga canjin suna a jarida, aka kashe kuɗin mota da na fom, kuɗinsa kuma suna tsaye wata da watanni, mutumin da bai taɓa canza suna ba tunda aka haife shi. Ban ga laifin kwamfuta ba, ita abin da aka zuba mata take bayarwa, kuma na yarda dole a yi hattara da masu cin fanshon matattu. Abin da ya dame ni shine yaron bai ma san akwai alaƙa tsakanin sunayen biyu ba, da ya sani ko ba komai zai kwantar wa tsohon da hankali ya nuna masa hanya cikin mutunci. Irin wannan yana faruwa da su Audu da su Sanda da su Indo kullum a bankuna da wajen rajistar jarrabawa, sai a ga yarinya ta rasa shiga jami'a a shekarar saboda sunan uba ya bambanta a takarda biyu.

Don haka ina kira ga iyaye, in za a sa yaro makaranta a rubuta sunan yanka a takardar haihuwa da komai, iri ɗaya harafi da harafi, wannan ya zama na hukuma. Amma a gida don Allah a bar Garba ya rayu. Yanzu duk wanda aka sa wa Abubakar sai kaji ana kiransa Sadiq ko Khalifa ko Daddy, ban ce haramun bane, Sadiƙu ma ai laƙabinsa ne mai daraja, amma a unguwarmu kaf ban san yaro ɗan ƙasa da shekara goma da ake kira Garba ko Habu ba, duk masu amsa sunan sun yi furfura, in suka tafi shikenan. Wasu ma yanzu a intanet suke neman suna, a ga wata kalma mai daɗin faɗa a Facebook ko a fim a liƙa wa jariri, sai an je wajen malam yace wannan ai ba ta da ma'ana ko ma'anarta ba kyau, alhali ga namu a gida da tarihinsu da komai. Malaman Hausa a firamare da na Islamiyya su ma suna da rawar takawa, darasi ɗaya ya isa a koya wa yara sunayen yanka da laƙubbansu da na ranaku irin su Ɗanladi da Balarabe da Jummai, da irin su Tanko da Kande da Gambo da dalilin da ya sa ake sa su.

Kai kuma Malam Edita roƙona gare ka shine ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata, a ɗauki suna ɗaya a faɗi asalinsa da yadda ake kiransa a Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Zangon Kumasi da kuma mutanen da suka amsa shi, masu karatu su riƙa aiko da nasu. In an yarda ina ba da shawarar a fara da na mata, don Asma'u kaɗai, daga 'yar Sayyidina Abubakar zuwa Nana Asma'u 'yar Shehu, ta isa ta cika shafi guda.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatunku daga Zariya